Kwalbar Irin Gansakuka

Wannan ba tatsuniya ba ce. Yaya Barira, 'yar kawuna, ita ta ba mu labarin, ni da ƙanwata Uwale, bayan isha'i muna kan tabarma. Inna ta hana a sake maganar, shi ya sa nake rubutawa a bayan littafin makaranta.

Yaya tana aiki a wata gonar kifi can bayan dam. Gansakuka take raino, koriyar nan ta kan ruwa, cikin tankunan roba da ake hura wa iska ta tiyo. Da ita ake ciyar da 'ya'yan kifi.

Uwale ta ƙyalƙyale da dariya. "Gansakuka? Har ita ake raino?"

"Ke, rufe mini baki. Ta fi ki wuyar sha'ani."

Ta ce kafin a zuba sabon iri, sai an wanke tanki da tafasasshen ruwa. Ran Talata tana sauri, ta kwarara ruwan zafin a lambatu. Ba ta yi bismilla ba. Ta ji ɗan ƙara, kamar na mage. Ta share.

Washegari tanki ɗaya ya yi fari fat. Ya mutu. Sai na biyu. Kafin Juma'a duk sun mutu, saura kwalba ɗaya ta iri. Mai gonar ya ce in ita ma ta mutu, Yaya ta nemi wani aikin.

Ran Juma'a da tsakar rana maza suka tafi masallaci. Ita kaɗai ta rage, tana gadin kwalbar. Ba motsi sai ɓul-ɓul ɗin iska.

Sai ɓul-ɓul ɗin ya tsaya.

Ga wata mata da goyo a bakin ƙofa. Ba sallama.

"Ke ce mai ruwan zafi?"

Muryar kamar daga ƙarƙashin ruwa. Yaya ta sunkuyar da kai. Rana na ƙuna, amma ƙafafun matar jiƙe sharkaf, gansakuka ta tsiro a tsakanin yatsun.

Ta sauke yaron. Ƙafarsa ta saluɓe.

"Wasa yake a lambatu. Ba ki ce komai ba, balle mu kauce."

"Baba, ki yafe mini. Wallahi ban sani ba."

"Ba ni abin da ya fi sanyi a ɗakin nan."

Yaya ta dubi kwalbar. Ta dubi ƙafar yaron. Ta miƙa.

Matar ta juye ta duka a kan ƙunar. Yaron ya yi ajiyar zuciya. Sannan ta kama bakin zanenta ta matse a cikin kwalbar, ta danƙa wa Yaya a hannu.

"Zuba wannan a tankunan. Kuma ki riƙa magana kafin ki zubar."

Ɓul-ɓul ya dawo. Ba kowa a ƙofa.

Ran Lahadi tankunan duk suka yi kore shar. Yaya na nan a bakin aikinta. Sai dai tun ranar hannunta na dama bai bushe ba. A gonar ba mai cin abinci kwano ɗaya da ita.

"Kada ku kuskura ku bi hanyar dam ku kaɗai da tsakar rana," in ji ta. Ta ɗora hannun a kan tabarma, tsakaninmu.

Uwale ta tashi ta shige ɗaki.

Ni ban matsa ba. Amma ban riƙe hannun ba, ita ma ta gani.