Tiyatar da Aka Hana Raudatu

Raudatu na zaune a tsakar gidansu, a wani ƙauye bayan Tofa, ta dafe ƙirjinta na hagu. Mijinta Zaharaddini, malamin firamare, ya durƙusa gaban mahaifinta da takardar asibiti a hannu. Shekararsu ɗaya da aure.

"Baba, sun ɗebi tsokar sun gwada. Kansar mama ce. Likita ta ce in aka yi tiyata yanzu, aka bi da kemo, maganin da ke kashe ƙwayoyin kansar, akwai sa rai."

Malam Nababa ya ɗago kai. "Daji ne, ko? To tun kaka da kakanni daji ba ya son ƙarfe! Wuƙa na taɓa shi zai fantsama. Ba za a yanke wa 'yata nono ina raye ba."

"Baba, don Allah—"

"Aure na ba ka, ban ba ka ranta ba! Nan za ta zauna a yi na gida."

Raudatu ta dubi mijinta, hawaye na bin kumatunta. Ba ta taɓa yi wa mahaifinta musu ba.

Aka shiga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Aka yi shuka, gero ya fid da kai, har aka yi girbi. Kullum aka tashi daga makaranta sai Zaharaddini ya zo a babur, ya roƙa, a kore shi. Mahaifiyarsa ma ta sa baki: "Ka sawwaƙe mata ka huta mana, ga 'yan mata cike da gari!"

"Inna, da ni ne a kwance, wallahi ba za ta tafi ba."

Ranar da ciwon ya fashe, Malam da kansa ya nemo mota.

A babban asibitin birni suka tarar da sashen masu kansa cike maƙil, mutane har a ƙasa. Aka ɗebi jini, aka yi hoto. Likitar ta daɗe tana duba sakamakon.

"Wata bakwai! Ina kuka shiga? Ya kai hanta, ya kai ƙashin baya. Tiyata ba za ta yi amfani ba yanzu. Sai dai mu ɗora ta a kan kemo, mu rage mata raɗaɗi."

Malam ya sulale ƙasa, rawaninsa ya warware. "Innalillahi! Ni na kashe ta!"

Raudatu ta riƙo hannunsa. "Baba, ka daina. So ne ya jawo. Abu ɗaya nake roƙo, ka bar ni in koma ɗakina."

Ta koma. Kemo ta zubar mata da gashi, mijinta ke ɗaura mata ɗankwali, yana cewa, "Amaryata, kin fi kowa kyau." Ita kuwa sai ta yi murmushi. Wata huɗu suka samu. Wata Alhamis bayan la'asar ta cika, kanta a cinyarsa, da kalmar shahada a bakinta.

Haƙurinsu ya ba su wannan ɗan zaman, amma bai dawo da lokacin da aka ɓata ba. Iyaye, ƙauna daban, sani daban. Ciwo ba ya jiran a gama gardama.