Notin da Miftah Ya Murza

"Ƙura! Ga su can!"

Miftah ya manna ido a madubin hangen nesa. Can ƙasan kwari wata farar a-kori-kura ta ɓullo, bayanta cike da masu haƙar zinare, tana jan ƙura kamar jela. Rana ta take tsaka, dutsen da suke kwance a kai yana gasa musu ciki.

Su uku ne a kan tudun nan na hamada, kudu da garin Murzuƙ. Zarruƙ shi ne maigida. Hamali shi ne mai harbi, mutum ne da za ka wuni da shi ba ka ji muryarsa ba. Aikin Miftah gani ne kawai. Sauran yaran suna bayan tudu da mota, suna jiran a kira su a rediyon oba-oba.

Zarruƙ ba ya yarda da bakin kowa, kuma yana da hujja. Mai duba musu na da, da ido yake ƙiyasta nisa, ranar da ya yi kuskure mota ta tsere, shi kuma ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shi ya sa Zarruƙ ya sayo na'urar awon nisa, 'yar ƙarama kamar kwalin sigari, mai harba hasken da ido ba ya gani ya dawo da lamba. Ya sa mai walda ya ƙera mata mariƙi a gefen madubin, ya ce Miftah ya haɗa su.

Da safen nan Miftah ya yi haɗin. Ya kafa mazauni mai ƙafa uku, ya ɗora madubi, ya ɗaure na'urar, ya sa wata tsohuwar ganga a tsakiyar madubi, yana murza noti a hankali har su biyun suka kalli wuri ɗaya. Zarruƙ na tsugune yana kurɓar shayi mai kumfa.

"Ka gama aurar da su?"

"Sun daidaita, maigida."

"To madalla. Kai ka nuna, ita ta faɗa, ni in karanta da idona. Bakinka kuwa ka ajiye shi don cin gurasa."

Yanzu ga motar ta iso inda suke so. A bakin yashin nan kowane direba sai ya tsaya an rage wa tayoyi iska, in ba haka ba ya kafe. Harsashi ɗaya a inji, shi ke nan. Abin da ke biyo baya Miftah ya sha gani. Zarruƙ ba ya ɓata harsashi a kan mutane. Zinare yake kwashewa, da ruwa, da takalma, ya ce musu Allah ya kiyaye hanya. Wai shi bai taɓa kashe kowa ba. Haka yake faɗa, ko kunya babu.

Motar ta tsaya tana fuskantar su, inji na aiki. Mutum biyu suka diro suka duƙa wajen tayoyi. Direba ya leƙo ta taga, ya sassauta rawani, ya zuba ruwa a fuska.

Miftah ya ƙara manna ido a madubi.

Mabruk ne. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya. Ga tabon goshin, ga jan ƙyallen da mahaifiyarsu ke ɗaura wa duk motar da ya tuƙa. Shi da aka ce yana aikin gareji a garin Sabha, me ya kawo shi wannan hanyar?

"Faɗa mini nisan motar," in ji Hamali.

Roƙo ba zai yi ba. Miftah ya san mutumin da ke kwance kusa da shi, wanda ya taɓa karɓe gorar ruwa daga hannun tsoho yana kiran sa kawu. Ƙarya ma ba za ta yi ba, lambar a gaban idon Zarruƙ take fitowa. Noti kaɗai ya rage.

"Dalla yi sauri! Barci kake?" in ji Zarruƙ.

"Zafi ne ke rawa da hoton, maigida. Bari in gyara."

Ya kai hannu kamar mai share ƙura, ya murza notin da babban yatsa. Hancin na'urar ya ɗaga kaɗan. Dabararsa ita ce hasken ya tsallake mota ya kama dutsen can nesa. Lamba za ta yi yawa, Hamali ya ɗaga bindiga, harsashi ya wuce ta sama. Mabruk direban hamada ne, ƙara ɗaya ta ishe shi ya taka wuta.

Ya danna.

"Mita ɗari takwas," Zarruƙ ya karanta.

Miftah ya leƙa lambar. Ya san motar ba ta wuce ɗari bakwai ba, shi kuwa dubu da wani abu yake nema. Hasken bai kai dutse ba, tudun yashin da ke bayan hanya ya kama.

"Tsaya! Bari in sake—"

Tau!

Ta cikin madubin da ya goge da hannunsa ya gani, fes, babu abin da ya ɓoye masa. Murfin inji lafiya lau. Gilashin gaba ya yi farin tabo. Kan Mabruk ya koma baya, sannan ya kifa a sitiyari. Odar motar ta kama kuka, ba ta daina ba.

"Ku fito! Ku rufe su!" Zarruƙ ya daka tsawa a oba-oba.

Yaran suka zagayo da mota a guje, suna harbi sama. "Ƙasa! Kowa ƙasa! Kai tsoho, cire takalmin!" Wani ya ruga, aka bi shi aka take masa ƙafa da taya, suna dariya. Wani yana rantsuwa da Allah ba shi da komai, aka farke ɗamararsa da wuƙa, ƙullin zinare ya faɗo.

A kan tudu Hamali bai tashi ba. Yana kallon bindigarsa.

"Inji na nufa," ya ce. "Ni ba na kuskuren kamu uku."

Zarruƙ ya ture Miftah da gwiwa, ya juya madubin kan gangar da aka yi gwaji da ita da safe, ya danna. Ya dubi lambar, ya taɓa notin, ya ji yana motsi. Sai ya yi murmushi, kuma murmushinsa ya fi zaginsa muni.

"Sauko mu gaisa da direba."

Da bakin bindiga aka gangaro da shi. Zarruƙ ya buɗe ƙofa, ya finciko gawar ta faɗo a yashi, odar ta yi shiru. Ya dubi fuskar, ya dubi Miftah.

"A'a! Hanci ɗaya! Ka ga shege, ashe gida muka yi wa baƙunta."

Miftah ya zube. "Yaya... Yaya Mabruk..."

Zarruƙ ya ce, "Da ka bar ƙarfena yadda yake, da yanzu yana tsaye yana zagina. Ni dai ban kashe shi ba. Hamali, kai ka kashe shi?"

"Lambar da aka ba ni na bi."

Oba-oba ta yi ƙara. Yaron da suka bari yana gadin hanya ne: "'Yan sintiri! Mota biyu daga arewa! Sun ji harbin!"

"Ku ɗauki motar, injinta ƙalau ne, albarkacin mutumina!" Zarruƙ ya yi ihu. "A zuba masu haƙar nan a baya, in an matsa mana mu riƙa jefar da su ɗaya ɗaya!"

Aka cire wa Miftah takalma. Zarruƙ ya sa aka sauko da madubin, ya dasa masa shi a gaba, har da gyara masa ƙafafun.

"Riƙe kayan aikinka. Rijiya tana gabas. Ka auna, in ka samu lamba ka gaishe ta."

Motoci biyu suka tashi, suka yi kudu.

Aka bar Miftah shi kaɗai da gawar. Da ya ji rugugi daga nesa sai ya rarrafa ya sa ido a madubi. Ga 'yan sintiri can, sun hango ƙurar Zarruƙ sun karkata sun bi ta, ba su ko nufo kwarin ba. Ya ga an jefo mutum daga bayan a-kori-kura, motar farko ta kauce masa ta wuce. Ya ga walƙiyar bindigogi, daga baya baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Ko motar wa ce, bai sani ba, bai kuma damu ba. Babu wanda ya juyo.

Ya ɗaga hannu ya yi ihu har murya ta dushe. Sannan, don hannu ya saba, ya danna na'urar a kan hayaƙin. Ba ta ba da lamba ba, sun yi mata nisa.

Ya koma wajen yayansa. Ƙudaje sun riga shi. Ya warware rawanin kansa ya rufe wa gawar fuska, ya kwance notin gaba ɗaya, ya ciro mariƙin ƙarfen. Da shi ya fara haƙa, yana faɗaɗa ramin yadda zai ɗauki mutum biyu.