Kwat Mai Hannu Ɗaya

"Tikiti ɗaya?" Anti Verna mai sayar da tikiti ta leƙo ta saman tabarau. "Ɗaya, Odessa?"

"Ɗaya, Anti."

Odessa ta karɓa da sauri ta shige, don kar hawaye su kunyata ta a gaban layi.

Kowace shekara, ranar Lahadi bayan an taso daga coci, ƙaramin gidan siniman nan na birnin Baltimore yakan sake haska tsohon fim ɗin jarumi mai farautar mayu masu shan jini. Shekara biyar tana kallonsa kafaɗarta jingine da ta saurayinta Lamont. Yau jakarta ce zaune a kujerarsa.

Lamont mai shagon littattafan zanen jarumai ne, kuma in ya fara zancen fim ɗin nan, sai dai ki nemi wurin zama.

"Masoyiya, kafin wannan fim wa ya yarda jarumin littafin zane zai cika sinima? Baƙar fata ɗan'uwanmu ne ya buɗe ƙofar, sauran duk bayansa suka biyo!"

"Na ji, farfesa. Gugguru dai na hucewa."

Ita ta ce za ta ɗinka masa doguwar baƙar kwat irin ta jarumin. Saura hannu ɗaya ta gama, komai ya dagule.

Mamanta, jigo a ƙungiyar matan coci, ta kafe.

"Ƙato mai shekara talatin da huɗu yana wasa da hotunan shaiɗanu? Ba a gidana ba, Odessa!"

Sai ga Renita, wadda ke raka Lamont taron masu yin shiga irin ta jaruman fim, ta turo mata hotonsu tare.

"Ki yi haƙuri 'yar'uwa... ni na fi gane duniyarsa. Hannun kwat ɗin ma ni zan ƙarasa."

Odessa ba ta tambaye shi komai ba. Ta cusa kwat ɗin a leda, ta ajiye a ƙofar shagonsa, ta toshe lambarsa. Wata takwas ke nan, kuma wallahi ba ranar da ba ta yi kewarsa ba.

Fim ya ƙare, sunayen ma'aikata suka fara hawa allo. 'Yan kallo suka miƙe rututu, don duk tsofaffin hannu ne. A fina-finan yanzu ake zaman jiran ɗan guntun ƙari bayan sunaye. Wannan ya girmi al'adar. Lamont da kansa ya koya mata haka: "Tashi mu je, babu komai a baya."

Ta sani sarai. Amma ina za ta? Ɗaki shiru, keken ɗinki a lulluɓe, abincin mutum ɗaya a firji...

Ta ci gaba da zama, ita kaɗai a cikin kujeru ɗari biyu.

Sunan ƙarshe ya wuce. Allon ya yi baƙi.

Sai ya sake kawo haske!

Lamont ne a allon, tsaye a shagonsa cikin kwat ɗin, hannun hagu tsirara tun daga kafaɗa.

"Odessa... Renita ta nemi ta ƙarasa, na hana. Na je wurin Mamanki sau uku, a na ukun har ta zuba min abinci. Ban san ko za ki ga wannan ba, tunda ni sakarai na koya miki tashi da wuri."

"Sakarai kuwa!" ta faɗa cikin kuka.

"Na yarda."

Wannan muryar ba daga allo ta fito ba.

Ta waiwaya. Yana tsaye a bakin ƙofa, duk ya rame, Anti Verna na tunkuɗo shi ta baya.

"Shi ya roƙe ni na haska miki wannan a bayan fim, amma tun ɗazu yake fargaba, wai za ki fita da mutane. Matsa mana, ɗan nan!"

Ya tako har gabanta.

"Me ya zaunar da ke, zuciyata?"

"Ba ni da wurin zuwa," ta ce a hankali. "Wata takwas ba ni da shi."

Ya dubi kujerarsa, inda jakarta take.

Odessa ta share ido, ta ɗauke jakarta daga kujerarsa, ta zaro tef ɗin awo.

"Zauna. Miƙo hannun... ka rame, sai na sake aunawa."