Hoton Maɗiga

"Maɗigar jikana za a danna da ƙarfe? Ba a gidan nan ba!" Inna, uwar miji, ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

Maijego ta rungume ɗanta, bakwaini, kwanansa tara a duniya. Likita ta ce sai an leƙa ƙwaƙwalwarsa da na'ura ta wurin nan mai taushi a tsakar kai, ko jini ya taru.

Ta dubi mijinta, kafintan da ya shekara biyu kafin aure yana gyara wa iyayenta ƙofar da ba ta lalace ba don dai ya gan ta. Yau kansa a ƙasa.

"Inna ta haifi takwas, ta fi mu sani," ya ce.

"Ta fita da shi, ta fita ke nan!" in ji Inna.

Ta kuwa fita. Ɗakin yayarta da ta yi tafiya ta sauka, ita da yaro da kofi ɗaya. Hoton farko ya nuna ɗan jini, aka ce ta riƙa dawowa duk mako. A bencin asibiti kowace mace da mai riƙe mata jaka, ita tata tana ƙarƙashin ƙafa. Waya daga mijin, ko fulashin babu. Ba ta kira ba, ba ta kuma zage shi wurin kowa ba.

Mako na uku, ana kiran lambarta, sai ga mijin, garin katako har gira.

"Inna ta sani?"

"Na gaya mata. Ta ce ba ni ba ita. Na ce ki yafe ni, Inna, ɗana ne."

Likita ta kalle shi sama da ƙasa. "Au, ashe yana da uba? Na ɗauka daga sama ya faɗo!"

"Likita, zai ji zafi?" ya tambaya.

Ta shafa wa uban man ɗaukar hoton a bayan hannu, ta ɗora na'urar. Sanyi kawai ya ji.

"Wannan ne? A kan wannan na bar ki ke kaɗai?" Hawaye suka zubo masa.

"Riƙe kansa dai, kada ya motsa," Maijego ta ce.

Ya tallafe shi da tafin hannun nan da aiki ya sa ya yi kanta. Likita ta daɗe tana duban allo.

"Jinin ya kusa bajewa. Ku gode wa uwarsa."

'Yan mata, ku ji da kyau: haƙuri ba zaman jiran izini ba ne. Ki yi abin da ya dace, ki kama bakinki. Mijin kirki ko ya makara, da ƙafarsa zai zo.