Omollo Guda Ɗaya Aka Ce

Kifi ne ya mayar da Omollo ofis a yammacin wata Juma'a. Mahaifiyarsa ta aiko masa da soyayyar karfasa daga Kisumu, ya saka a firjin ofis, ya tashi aiki ya manta. Har ya kai titin Ngong, yana gaigayar gasasshiyar masara da barkono da lemun tsami yana jiran motar haya da ake kira matatu, sai ga kiran matarsa Awuor.

"Baban Atieno, na riga na tuƙa tuwon ugali. In ka zo ba kifi, ka kwana inda kifin yake."

Omollo injiniya ne mai faɗa a ji a gaban kwamfuta. A gaban Awuor kuwa, sai ya juya.

Rana ta faɗi, hadari ya haɗo, ƙasa na ƙamshin ruwan da bai sauka ba. A bakin ƙofar bene, Baba Shikuku maigadi ya ɗago kai daga rediyonsa, ya ƙura masa ido.

"Injiniya, ta ina ka sauko?"

"Ban gane ba, Baba."

"Yanzu-yanzu ka wuce ni ka hau sama. Na gaishe ka, ko kallona ba ka yi ba."

"Baba, a rage shayin nan mai ƙarfi," in ji Omollo, ya kama matakala yana dariya.

Kamfanin nasu na tara madara ne daga manoma, kuma manhajarsu a yanyanke take gunduwa-gunduwa: wannan gunduwa ta san manomi, waccan ta san mota, wata ta san awo. Kowace gunduwa an haɗa ta da wani ƙaramin shiri da suke kira ɗan rakiya. Shi ke kai mata saƙo, shi ke riƙe mata abin da za ta tuna, yana manne da ita kamar inuwa. Mutum yakan gwada sabuwar gunduwa a kwamfutarsa tukuna. In ta yi kyau, sai ya zuba ta a kwantena ya tura garken manyan injuna, inda wani makiyayi mai suna Kubernetes ke kiwo. Makiyayin nan ba ya barci, ba ya jin lallashi. Ka ce masa guda ɗaya kake so, to guda ɗaya zai tsare. Lokaci-lokaci yakan ƙwanƙwasa wa kowa ya tambaya ko yana raye. Wanda ya yi shiru sau uku, sai ya ɗauke shi ya dasa sabo mai irin sunansa.

Su kuma samarin ofishin, don kada gwajin wani ya amsa kiran wani, kowa kan laƙaba wa gwajinsa sunan kansa. Wayo ne irin na masu ilimi. Da la'asar ɗin nan Omollo ya haɗa sabuwar kwantena, bai ko zuba mata komai ba, ya sa mata suna omollo, ya tayar da ita tare da ɗan rakiyarta. A zatonsa a kwamfutarsa ta tashi. Ya manta tun safe tagar kwamfutarsa da yake rubuta umarni garke take fuskanta.

Kwantena kuwa ɗaki ce. Kowa ya san masu tarewa a ɗakin da aka bari babu kowa.

Ya tura ƙofar hawa na huɗu. Fitilu a kashe. Kujeru a juye kamar masu su sun gudu. Babban allon bango ne kaɗai ke haske, cike da korayen akwatuna, kowanne gunduwa ɗaya da ɗan rakiyarta.

Warin kifi ya buge shi. Ba na firji ba. Mai ɗumi.

Sannan wani wari a ƙarƙashinsa, irin na wayar lantarki da ta fara narkewa.

A can kusurwar allon ya ga sabon akwati. Sunansa ne a jiki.

Ƙwan. Ƙwan.

Kamar an buga yatsa a katakon teburinsa. Sai wata siririyar murya, daf da kunnensa na hagu, ba fushi, ba tausayi.

"Kana raye?"

Ya waiwaya. Kujera ce da jakar wani.

Ƙwan. Ƙwan.

"Kana raye?"

Akwatin ya koma ruwan ɗorawa. Sanyi ya kama tafin ƙafarsa ya fara hawa. Ya duba hannunsa, sai ya ga kamar yana hango tayil ɗin ƙasa ta cikin yatsunsa. Shekara nawa yana koya wa sababbin ma'aikata abin da ke biyo shiru na uku. Bai taɓa zaton darasin nasa ne ba.

Ƙwan.

"Ina raye!" Muryarsa ta fito kamar ta akuyar da aka taka.

Akwatin ya koma kore. Yatsunsa suka dawo.

Daga ɗan kicin ɗin ofis, wani ya amsa da baki cike, da muryar Omollo sak, har da ɗan kakin da yake yi.

"Ina raye."

Aka ci gaba da tauna. Ƙaya na karyewa, ƙaras, ƙaras.

Omollo ya dubi allon. An ce wa makiyayi omollo ɗaya. Biyu sun amsa. Makiyayi ba ya tambayar wa ya riga wani zuwa duniya, rage ɗaya kawai zai yi.

Ya durƙusa, ya jawo aljihun tebur inda yake kulle kwamfutarsa saboda ɓarayin matatu. Makulli ya faɗi sau biyu kafin ya shiga. Ya buɗe, ya rubuta umarni, ya kashe kwantenar.

Faranti ya faɗi a kicin ya tarwatse. Taunar ta tsaya.

Ya sauke numfashi. Har ya fara tsara yadda zai ba da labarin ranar Litinin, da shi a matsayin jarumi.

Akwatin ya sake fitowa.

Wannan karon ba a kicin ba. Kusa da injin buga takardu. Tsayinsa. Rigarsa mai zane. Har jirkicewar kafaɗarsa.

Ya sake kashewa. Abin ya zube kamar rigar da ta faɗo daga igiya.

Abin ya sake tashi a bayan tebur na uku.

Omollo ya shige ƙarƙashin teburinsa da kwamfutar a cinya, ya kira Nyokabi, shugabar sashensu. Kiɗan matatu ya cika wayar.

"Madam," ya ce cikin raɗa.

"Kai kuma? Omollo, me ka sha yau? Ɗazu ka kira ni kana tambayata unguwar da gidanka yake."

"Kin faɗa?"

"Na ce Umoja mana, ko an kore ka ne? Me ya sa kake magana kamar ɓarawo?"

"Na tura abu garke. Ina kashewa yana dawowa."

Ta yi tsaki. "Wai kai ne babban injiniya. Kana tsinke ganye, saiwa na ƙasa. Umarnin da ka ba makiyayi za ka goge, ba 'ya'yansa ba. Tsaya, wa ke maimaita maganarka a nan?"

Ƙwan. Ƙwan.

"Kana raye?"

"Ina raye," in ji Omollo.

"Ina raye," aka ce a saman teburin.

Wayar ta mutu.

Takalma biyu suka tsaya a gabansa. Nasa ne, har da ƙurar titin Ngong da igiyar hagu da ta kwance. Ya dubi ƙafarsa. Tasa ma a kwance take.

Gwiwoyin abin suka fara lanƙwasawa.

Ya rubuta. Ya yi kuskure. Ya goge. Ya sake.

Yatsansa ya tsaya a kan maɓalli. In ya ce a goge omollo, wanne makiyayi zai ɗauka?

Fuskar ta sauko.

Tasa ce. Maiƙon kifi a leɓe. Idanun ba sa ƙiftawa, kuma a cikinsu babu komai sai wani koren haske ɗan mitsitsi.

Ya danna.

Makiyayi yana da ladabi guda: kafin ya ɗauke abu, yakan ba shi ɗan lokaci ya tattara kayansa. Omollo ya sha yabon wannan tsari a taro. A ƙarƙashin teburin nan, bai yaba ba.

Abin ya miƙo hannu. Sanyi kamar ƙarfen firji. Ya kama wuyan hannunsa.

"Ni ne," ya ce a hankali. "Awuor na jirana."

Sanyin ya kai gwiwar hannu. Ya kai kafaɗa.



Allon bango ya ƙifta.

Riƙon ya saki. Babu takalma, babu fuska. Sai warin ƙonanniyar waya, da ƙayar kifi guda a kan madannai.

Siririyar muryar nan kuwa tana nan a kunnen hagu. Ashe ɗan rakiyar kwantenar ne, mai kawo saƙon makiyayi.

"To ni wa zan raka?"

Bai san yadda ya sauko hawa huɗu ba. Baba Shikuku ya ce ya ga wani abu ya wuce kamar an harbo shi, ƙafa ɗaya ba takalmi, ya faɗa cikin ruwan sama ya haye babur tun kafin mai babur ya tsaya. Baban ya ƙara da cewa ya jira ya ga ko na biyun zai sauko, har gari ya waye.

A Umoja, Awuor ta buɗe ƙofa da ludayi a hannu da jawabi a baki. Ta kalli fuskarsa, ta haɗiye jawabin. Suka ci ugali da ganye. Cikin dare ta tambaye shi sunan ƙauyen kakarsa, wai don hira.

Tun daga ranar, tagar duk wanda ke fuskantar garke ja take zama jawur a ofishin, Nyokabi ce ta sa. Gwaji kuma sunan kayan miya ake sa masa, albasa, kabewa, tumatir. An ce wa sababbin ma'aikata don tsari ne.

Omollo ya warke, har ya yi ƙiba. Abu ɗaya ne ya rage. Ana tsakiyar taro, ko a layin banki, ko fasto na tsakiyar wa'azi, sai ya ɗan karkata kai hagu ya ce, "Ina raye," ya ci gaba da abin da yake. Mu abokan aikinsa mukan yi masa dariya, mu ce mun gani ai.

Amma ranar da ya makara da amsa a wurin cin abinci, bakinsa cike da ugali, yana dukan ƙirji yana neman ruwa, babu wanda ya yi dariya. Duk teburin muka ajiye cokali, muna kallon ƙofa, ko sabon Omollo zai shigo.