Wa Ya Nuna Hanyar Tafkin?

Ranar da Meram ta sauka daga acaɓa a bakin tafkin bayan Sakwa, da kyamara rataye a wuya, kallon 'yar leƙen asiri Jumare ya yi mata. Shi ɗan Sarkin Ruwa ne. Ita kuwa 'yar jarida ce daga Azare, tana rubutu a intanet kan wuraren da baƙi za su ziyarta ba tare da sun yi ɓarna ba.

"Malama, gwamnati ce ta aiko ki ki auna mana ruwa?"

"Hoton gauraka na zo ɗauka. Ko shi ma a hannunka yake?"

Ya yi dariya, ya turo mata kwalekwale. To, kafin wata uku Jumare ya fi 'yan acaɓa sanin hanyar gidansu Meram.

Amma da aka zo maganar aure, mahaifinsa, Malam Bubayero, ya ce sam. A al'adarsu ba a jefa taru a tafkin sai ranar da shi ya buɗe su, wato kamun kifi na gayya, sau ɗaya a shekara, kuma kowa a garin kifin ranar yake jira.

"Yarinyar da ke nuna wa duniya ruwanmu? Yau hoto, gobe ɓarayi!"

Kamar da bakinsa. Saura mako biyu a buɗe su, aka kama baƙin masunta da taru, a aljihun ɗayansu da hoton da Meram ta ɗauka.

Jumare ya turo mata saƙo: "Meram, don Allah gaya min gaskiya. Ni kika zo nema ko kifinmu?"

Wallahi saƙon ya ƙona mata rai, sai da ta yi kuka. Ta amsa: "Haba Jumarena! Ban taɓa rubuta sunan tafkinku ko hanyarsa ba. Gobe ina tafe."

Washegari ta zo da yayanta, ta durƙusa gaban Sarkin Ruwa, ta roƙi a nuna mata hoton. Tana gani ta gane shi.

"Baba, wannan ai ƙin sa shi na yi a shafina, don ya nuna tsamiyar da ake karyawa a shigo. Mutum ɗaya ne ya gan shi."

Ya'u ke nan, mai shagon intanet ɗin da take aiki a ciki, wanda ya daɗe yana sonta tana ƙi. Aka tsare masuntan da tambaya, suka ce shi ya ba su.

Dattijon ya dubi Meram. "To, me kike rubutawa a kanmu?"

Ta zaro takarda ta karanta: "Wanda ya zo, ya fara gaida Sarkin Ruwa. Kada ya taɓa kifi, kada ya kori tsuntsu."

"Ashe gadi kike taya ni, ni kuma ina zarginki. Ki yafe min, 'yata."

Jumare ya kasa ɗago kai. "Ni fa, hasken idona?"

"Kai sai na yi shawara," ta ce, tana ɓoye murmushi.

Shawarar ba ta kai Juma'a ba. Bayan an yi su da mako guda aka ɗaura aure a Azare, kuma kifin tafkin aka ci a walima. Malam Bubayero da kansa ya ɗaga hannu ya ce, "Allah Ya tsare ku daga zargi, Ya ba ku zuriya mai riƙon amana."