Ranar da Toka Ta Daina Kuka

Marin da matar kawu ta sauke wa Tilo a kunci, har maƙwabta sun jiyo shi ta katanga. Rezar da ke hannunta ta faɗi gefe, magen ta zille ta shige ƙarƙashin gado, ita kuwa baiwar Allah ta dafe kuncinta tana durƙushe, hawaye na zuba kan farin tawul ɗin da ta shimfiɗa a cinyarta.

"Au, abin naki har ya kai ga aske mage?" in ji matar kawu, tana huci. "Wa za a kai wa gashin? Faɗa min, munafuka, ni za a haukata ko kawunki za a mallake?"

"Anti, wallahi wurin allura nake askewa... likita ce ta ce..."

"Rufe min baki, mai fuskar salihai."

Tilo ake ce mata, don ita kaɗai iyayenta suka haifa. Uban ya rasu tana goye, uwar kuma ta bi shi bara, ta bar mata ɗaki guda a gidan da suka gada ita da ƙaninta, wato Kawu makanike, sai kuma wata mage mai launin toka wadda marigayiyar ta raina tun idonta bai buɗe ba. Toka ce ta kwanta a ƙafafun uwar har numfashinta na ƙarshe. To ga shi yanzu ita ma cikinta ya kumbura da ruwa, idonta ya yi rawaya, ƙashin bayanta ana ƙirga shi da yatsa. Likitar dabbobi ta ce wata muguwar ƙwayar cuta ce, maganinta allura ce kullum har kwana tamanin da huɗu, a kan lokaci guda, ba fashi. Da kyar ma ta samo mata kwalaben daga wajen wani mutum da magensa ta warke ya rage saura. Ta ce maganin kauri gare shi kamar mai, kuma raɗaɗinsa ba kaɗan ba ne, don haka sai an shirya magen kafin a fara.

Kwana uku Tilo ta yi tana wannan shiri. Ta riƙa naɗe Toka a tawul, kai kaɗai a waje, ta lallashe ta, ta ba ta ɗan kifi, ta kwance, don ta saba. Ta ɗora ta a sikelin kicin ta rubuta nauyinta. Ta zana hoton mage a takarda ta yi alama shida a bayanta, yau nan gobe can, don kada wuri ɗaya ya ruɓe. Hannunta kuwa a jikin lemu ta koya masa, tana zuƙo ruwa a sirinji tana sokawa har ya saba. Waɗannan kayan ne Anti ta kwasa ta zube a gaban mijinta da matan layi: lemu duk huda, zanen mage da alamomi, gashi a ƙunshe, da farin ƙyalle.

"Ku duba da idonku, har da likafani. In wannan ba tsafi ba ne, mene ne?"

Kowa a layin ya san Anti kiwon kaji take yi a bayan gida, kuma tun ranar da aka yi bakwai ɗin marigayiya take haɗiyar yawu a kan ɗakin, tana son ta zuba 'yan tsaki a ciki. Amma wa zai tsaya wa marainiya? Kawu ya dubi Tilo ya ce, "Ni ban san gaskiyar wannan abu ba. Amma ki ji da kyau, in magen nan ta mutu a hannunki, na yarda da abin da ake faɗa, kuma ranar za ki bar min gida."

"Kawu, ko riƙe min ita ka yi sau ɗaya ka ga yadda ake yi..."

"Allah ya kiyaye hannuna," ya ce, ya shuri takalmansa ya fita.

Haka ta fara, ita kaɗai. Ƙarfe bakwai na safe za ta naɗe Toka, ta matse ta tsakanin gwiwoyinta, ta ɗaga fatar da yatsu biyu, ta yi bismillah ta soka. Wayyo! Ihun da magen nan take yi, kai ka ce jariri aka ɗora a wuta. Tilo na tura maganin tana kuka tana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, saura kaɗan... ya Allah ka ga niyyata." Daga tsakar gida kuwa sai a ji muryar Anti tana shela, "Jama'a ku zo ku ji, mayya ta fara karin kumallo." Mai shago ya daina karɓar kuɗi daga hannunta sai ta ajiye a kan tebur. Matan layi suna hango ta suke janye 'ya'yansu. Wata rana ma ta tarar an watsa mata ruwan wanke-wanke a ƙofar ɗaki. Hannayenta duk yakushi, bayan Toka ya fito da ƙuraje biyu masu baƙin ɓawo saboda zafin maganin, Anti kuwa ta nuna wa kowa su a matsayin shaida. Duk da haka cikin ya fara saɓewa, sikeli ya fara hawa, ranar kwana na ashirin har Toka ta yi tsalle ta hau taga.

Ana nan sai wata safiya Tilo ta zuƙo magani ya taho salin-alin, ta soka, magen ko motsi ba ta yi ba. Ta yi murna, ta ɗauka hannunta ne ya faɗa. Kashegari ma shiru. Kawu da kansa ya leƙo ya ce yau dai an bar mutane sun sha shayi cikin kwanciyar hankali, Anti kuwa ta yi wani murmushi ta ce addu'arta ce ta karya abin. Sai dai a kwana na biyar Toka ta juya wa kifi baya, jikinta ya ɗau zafi, sikeli ya koma ƙasa. Tilo ta zauna da kwalbar a hannu, ta karkata ta, ta ga abin da ke ciki yana gudu kamar ruwan famfo. Ashe shirun nan ba sauƙi ba ne, kwana biyar ke nan tana yi wa magen uwarta allurar banza.

Ko mayafi ba ta gyara ba ta rungumi Toka, ta ɗauki kwalbar, ta nufi asibitin dabbobi, tana tafe tana kuka a titi. Likitar ta ɗiga abin a bayan hannunta, ta murza, ta duba robar bakin kwalbar a hasken taga, sai fuskarta ta canza.

"Wannan ruwa ne zalla. Kuma dubi hudar nan, ba ta allurar da na ba ki ba ce, wannan babba ce. Wa yake shiga ɗakinki?"

"Ƙofar ba ta da makulli, Likita... Anti ta ce a gidanta ba a kulle ɗaki."

Likitar ta yi wa Toka allura daga cikin kwalba ɗaya da ta rage mata, ta ɗauki jakarta ta ce su je.

Suka tarar da Kawu ya dawo cin abinci, Anti na tsaye da matan layi tana ba su labarin cewa mayyar ta gudu da gawar magen. Da ta ga baƙuwa da farar riga sai ta ɗaure fuska. Kawu kuwa da ya ji likitar dabbobi ce, sai ya ce, "Kai, Allah ne ya kawo ki. Kajin matata ne suke ta mutuwa tun shekaranjiya, ko za ki duba mana?"

"Ba sai an duba ba," Anti ta yi caraf. "Sanyi ne kawai."

Likitar ba ta ko kalle ta ba, ta wuce bayan gida, kowa ya bi ta. Kaji goma sha ɗaya a kwance, sauran sun yi jugum. Ta ɗaga fiffiken ɗaya, ga ƙurji mai baƙin ɓawo. Ta ɗaga na biyu, haka. Ta buɗe tawul ta nuna bayan Toka, iri ɗaya sak. Sannan ta miƙa hannu saman keji ta sauko da ƙaton sirinjin da Anti take yi wa kaji allura da shi, cikinsa na danƙo.

"Maganin magen nan ne a jikin kajinki," ta ce. "Kin zuƙe shi kin mayar da ruwa. In tsafi ne, me ya kai shi fiffiken kajinki?"

Anti ta yi tsuru-tsuru. "Ni... na ji an ce yana kashe kowace irin cuta ne, kajin kuma suna mura... ai mage ce kawai..."

"Mage ce kawai?" in ji Kawu. "Kin san na rantse in ta mutu zan kori 'yar yayata. Kina kallo, kina jira." Ya juya ga Tilo, ƙaton mutum sai ga hawaye a gemunsa. "Na ci amanar 'yar uwata. Ki yafe min, 'yata."

Tilo ta durƙusa tana shessheƙa, ta ce, "Na yafe, Kawu... ita dai kada ta mutu."

Matan layi suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowace kanta a ƙasa. Kafin la'asar Anti ta haɗa kayanta zuwa gidan iyayenta, ba ko kaza ɗaya mai lafiya da za ta tafi da ita, kuma babu wadda ta raka ta ko bakin titi. Dama an ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Sai da aka koma ƙirga daga ɗaya. Kawu ya yi kwana biyu yana yawo gari-gari a kan babur kafin ya samo sabbin kwalabe, kuma duk safiya shi yake riƙe magen, har ya fi Tilo yawan yakushi. Sau biyu suna fid da rai, sau biyu Toka tana ɗago kai. Ranar da aka cika tamanin da huɗu likitar ta ɗebi jini, bayan kwana biyu ta kira su ta ce babu sauran cuta. Tilo ta faɗi ta yi sujada a nan tsakar asibitin, tana kiran sunan Allah tana kiran uwarta. Kawu ya jira har ta ɗago, sannan ya ciro wata takarda daga aljihu ya damƙa mata. Rabon gidan ne na marigayiya, ya sa an rubuta shi da sunanta.